Daga Gangara Zuwa Alƙalawa: Shaidar Da Ke Cikin Sunayen Garuruwan Gobir

Tun daga wajen 2019, sunayen garuruwa da ƙauyukan Sabon Birni da Isa ba su cika fitowa a jarida ba sai da adadin gawarwaki a gefensu. A ƙarshen watan Mayun 2020 aka ji Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, inda aka kashe mutum sama da 70 a hari guda. A ƙarshen 2021 jaridu suka ruwaito cewa 'yan bindiga sun kai ga naɗa nasu masu gari a Gangara. A watan Agustan 2024 kuma aka wayi gari da labarin kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Mai karatu da ke Kano ko Kaduna ya haddace waɗannan sunaye, amma a matsayin wuraren makoki ya san su. Alhali kowane ɗaya daga cikinsu wani ne ya raɗa shi a lokacin zaman lafiya, bayan ya dubi ƙasa, ya dubi ruwa, ya dubi itatuwa, ya yanke shawarar nan zai kafa bukkarsa.

Abin da nake son mu duba a wannan mako ke nan. A ƙasar da mafi yawan gonaki ba su da takardar mallaka, sunan wuri shi ne rajista mafi daɗewa da muke da ita. Yana faɗin wanda ya sare dajin, da inda ruwa ke bi, da wanda ya riga wani zuwa. Wannan rajista a ƙirazan tsofaffi take, su kuwa tsofaffin yau suna warwatse a gidajen dangi da sansanonin gudun hijira, daga Sakkwato har jihar Maraɗi. Idan ba a rubuta ta yanzu ba, ranar da aka koma gida za a tarar da ƙasa, amma ba za a tarar da shaidu ba.

Domin a ga darajar abin da ke hannunmu, bari mu fara leƙa bakin teku. Sunaye da yawa na gaɓar Afirka ta Yamma baƙi ne suka raɗa su daga cikin jirgin ruwa. Legas kalmar Fotugis ce mai nufin tafkuna, masu garin kuwa Eko suke cewa, wanda Bahaushe ya mayar Ikko. Kamaru ta samo sunanta daga kalmar Fotugis ta jatan lande, saboda yawansa da suka gani a kogin Wuri. Kogin Escravos da ke jihar Delta ma'anarsa bayi, kuma ba sai an yi wa kowa bayanin hajar da ake lodi a wurin ba. Waɗannan sunaye suna ba da labarin abin da baƙo ya zo nema. Namu na Gobir kuwa manomi da makiyayi da masunci da mayaƙi ne suka raɗa su, da harshen da jikokinsu ke magana da shi har gobe. Ɗalibi daga Isa ba ya bukatar ƙamus na wani harshe kafin ya karanta taswirar ƙasarsu. Kunne kawai yake bukata, da kuma haƙurin tambaya.

Mu ba mu da teku, amma muna da gulbi, kuma rayuwar wannan yanki a gaɓarsa ta ginu. Bunsuru da Gagare suna haɗuwa su zama Gulbin Rima. Gulbin Maraɗi kuma yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya komo Nijeriya ya zuba a Rima. Tsakanin tudu da fadamun waɗannan gulabe mutane suka zauna, shi ya sa sunayensu suka cika da maganar hawa da sauka. Gangara na cikinsu. Duk inda Bahaushe ya ce gangara ko gangare, yana nufin ƙasa ta sunkuya, mai tafiya zai sauka, ruwan sama ma can zai nufa. Saboda suna ne na siffar ƙasa, ba na wani mutum ba, sai ya maimaitu a wurare masu nisa da juna: akwai Gangara a ƙasar Jibiya, akwai a ƙasar Giwa ta jihar Kaduna, akwai a jihar Maraɗi, akwai kuma a wajen Tanut ta jihar Damagaram. Mutanen da suka raɗa su ba su yi shawara da juna ba. Abu ɗaya suka gani, suka kira shi da sunansa.

Irin wannan suna gargaɗi ne ga na baya. Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir a Nijar, sunansa na nufin tudun da ruwa ya kewaye. A 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliyar da ta rushe tsohon garin Maraɗi da Tsibiri, har aka tashe su daga kwari aka mayar da su kan tudu. A 2010 mun ga makamancin haka a fadamar Rima, lokacin da ruwa ya ci garuruwa da gonaki a ƙasar Goronyo da maƙwabtanta. Duk injiniyan da zai shata hanya, ko jami'in da zai zaɓi filin gina makaranta ko gidajen waɗanda za a sake tsugunarwa, ya kamata ya tsaya ya ji abin da mutanen wurin ke kiran filin. Wurin da sunansa ya ƙunshi tabki ko fadama ko kwari, kakanni sun riga sun yi masa awo na shekaru aru-aru, kuma kyauta suka bar mana sakamakon.

Bayan ruwa sai itatuwa da ciyayi da irin ƙasa. Cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Sabon Birni akwai Kalgo, sunan itacen da kowane ɗan ƙauye ya san ganyensa da ɓawonsa. Akwai Tsamaye, wadda kunne ke jin tsamiya a cikinta, da Unguwar Lalle. Ɗan Aduwa da aka ambata a sama sunan itacen aduwa yake ɗauke da shi. A ƙaramar hukumar Isa akwai 'Yanfako, fako kuwa ita ce ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya shigarta. Akwai Turba, wato hanya. Akwai kuma Tsabren Sarkin Darai. Tsabre ita ce ciyawar nan mai ƙanshi da Bakano ke kira tsaure, kamar yadda mutumin Sakkwato ke cewa sabro da zamna a inda Bakano ke cewa sauro da zauna. Ashe suna ɗaya ya adana abu biyu: ciyawar da ta taɓa mamaye wurin, da karin harshen mutanen da suka zauna. Haka Tabkin Kwatto, inda aka gwabza tsakanin rundunar Sarkin Gobir Yunfa da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, tabki yake a bakin masu wurin, ba tafki ba. Mai nazarin gurgusowar hamada zai amfana da wannan jeri ƙwarai. Idan gari yana amsa sunan itace, aka kewaya ba a ga ko kututturensa ba, to an sami ma'aunin abin da gatari da fari suka cinye.

Kashi na uku su ne sunayen da suka ƙare da "-awa", wato mutanen wane ko mutanen wuri kaza: Bafarawa, Kamarawa, Kurawa, Gatawa. Mafi girman misali a nan shi ne Alƙalawa, wadda kufanta ke cikin ƙasar Sabon Birni. Gobirawa ba a nan suka faro ba. Daga Azbin suka gangaro kudu, suka yi zamani a Birnin Lalle da ke cikin Nijar ta yau, kafin su shigo ƙasar Zamfara. Ruwayar da masana tarihi suka tattara ta nuna cewa wurin da aka ba su su zauna gonakin alƙalin Zamfara ne, daga nan sunan ya fito. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya juya wa masu masaukinsa, ya ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir. A cikinta Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, a cikinta kuma aka kashe Yunfa a 1808 lokacin da rundunar Muhammadu Bello ta ci birnin.

Abin lura a nan shi ne, sarakunan Gobir sun yi shekaru kusan hamsin suna mulki daga birnin da sunansa ke shelar cewa ƙasar ta wani ce kafin su. Sun gina ganuwa, sun ci garuruwa, amma ba su iya goge alƙalin Zamfara daga bakin talakawansu ba. Masu jihadi sun rushe birnin, sunan bai rushe ba. Shaidar da sarki mai takobi ya kasa kashewa, ba ƙaramin abin kunya ba ne a ce sakacinmu ne zai kashe ta.

Bayan faɗuwar Alƙalawa, tarihin Gobirawa ya koma na neman mazauni, kuma sunaye sun bi sawunsa. A yaƙin Gawakuke na 1836 aka kashe Sarkin Gobir Ali, bayan haka Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda Katsinawan da suka ƙi bin Sakkwato suka riga suka kafu. Sakkwato kuma ta jera ribaɗoɗi a wannan iyaka, cikinsu har da Lajinge, wadda yau mazaɓa ce a Sabon Birni. Daga baya rikicin gida ya raba 'ya'yan sarautar Tsibiri, Ɗan Halima ya ɓalle, ya komo kusa da kufan Alƙalawa ya kafa Sabon Birni a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866. Ba a cewa sabo sai da tsoho. A fahimtata, wanda ya kira garinsa Sabon Birni a gefen kufan kakanninsa yana faɗa wa duniya ne cewa Gobir ta dawo gida. Ba mu kaɗai muka yi haka ba: Kartaj ta Tunisiya da Nafoli ta Italiya da Nobgorod ta Rasha, duk ma'anar sunayensu sabon birni. Namu ya haura shekara 150, kuma har yanzu sabo ne a bakin kowa.

Wannan tarihi ne ya sa yau ake da Sarkin Gobir a Tsibiri, da Sabon Birni, da Isa, da Gwadabawa. Wasu sun gaji sarautar ta jinin Bawa Jan Gwarzo, wasu ta gidan Shehu. Yaron da bai san labarin ba zai ɗauka ruɗani ne, alhali kuwa taƙaitaccen tarihin ƙarni na 19 ne a cikin laƙabi guda.

Ƙananan wurare ma suna da nasu tsani. Tunga mazauni ne na masu noma ko su, wanda aka fara da niyyar wucin gadi. Ruga ta Fulani makiyaya ce. Zango na fatake da Buzaye masu raƙuma ne. Gidan wane yana nuna mutum ɗaya da iyalinsa, Garin wane yana nuna an yi yawa, birni kuma sai da ganuwa. Kwana, kamar Kwanar Maharba, ta zamanin mota ce. Wuri yakan girma ya bar sunansa a baya, ka ga gari mai kasuwa da masallacin Juma'a ana kiransa tunga. A nan akwai maganar da ba kowa ke son ji ba a wannan lokaci na zafin rai. Taswirar yankin nan cike take da ruga a gefen tunga, da zango a gefen gida, da burtali da mashaya a tsakanin gonaki. Duk wanda ya tashi yau ya ce wata ƙabila baƙuwa ce a gulbin Rima, ko Bafulatani ne ya faɗa ko Bagobiri, sunayen wurare za su ƙaryata shi. Ɗan bindiga mai laifi ne, hukunci ya kamace shi ko daga wane gida ya fito. Amma zaman da za a yi bayan an ajiye bindiga sai an san inda gona ta tsaya da inda burtali ya bi, kuma a sunaye aka ajiye wannan sani.

Zuwan Turawa ya ƙara wani rufi a kan lamarin. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, da aikin shata iyaka da aka yi daga 1906 zuwa 1908 ƙarƙashin Tilho da O'Shee, sun tsaga Gobir biyu: Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta faɗa hannun Ingila. Kowane Bature ya rubuta sunayen da kunnensa da ƙa'idar harshensa. Tsibiri ta koma Tibiri, Madawa ta koma Madaoua, Tasawa ta koma Tessaoua, Gidan Runji ya koma Guidan Roumdji. A ɓangarenmu Sakkwato ta koma Sokoto, aka kuma zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Da Tsibiri ta zama Tibiri a takarda, tsibirin ya nutse, gargaɗin ruwan ya tafi da shi. Har yau rajistar rumfunan zaɓe da allunan makarantu da takardun asibiti sukan rubuta sunan ƙauye ɗaya ta hanyoyi daban-daban, kuma ɗan gudun hijirar da sunan garinsu ya saɓa a takardu biyu shi ya san wahalar da ke cikin haka.

Sai dai wajibi ne in ja kunnen ɗalibaina da duk mai sha'awar wannan fage. Babu fannin da ƙirƙira ta yi wa katutu kamar asalin sunaye. Da an tambayi ma'anar suna, sai wani ya datsa shi biyu, ya ƙaga labarin wani maharbi da ya ce kaza, matarsa ta amsa da kaza, shi ke nan gari ya sami suna. Wasu kuma ba su da kwanciyar hankali sai sun jingina kowane suna da Larabci, kamar masu cewa Sakkwato daga kalmar kasuwa ta Larabci ta fito. Irin waɗannan ruwayoyi a rubuta su, domin suna nuna yadda mutane ke son a gan su, amma kada a ɗauke su hukunci. Ko maganar da Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri, cewa asalin Gobirawa daga Kibɗawan Masar ne, ruwaya ce da ake nazari, ba a rufe ƙofar bincike da ita ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a ji yadda masu wurin ke furta sunan, a je a ga ko ƙasar ta yi daidai da shi, a tambayi tsofaffi fiye da ɗaya kuma daga gidaje daban-daban, sa'an nan a gwada da abin da ke rubuce. Rubutun ma akwai shi. Akwai ruwayoyin Gobir da Landeroin ya tattara a rahoton tawagar Tilho, da ƙamus ɗin Bargery na 1934 mai cike da kalmomin Sakkwatanci da Gobiranci, da littafin Murray Last na 1967 kan Daular Sakkwato, da kundin digiri na uku na Abdullahi Rafi Augi kan Gobir da yankin Rima, wanda ya gabatar a Jami'ar Ahmadu Bello a 1984.

Manyan sunaye irin Alƙalawa da Sabon Birni ba za su ɓace ba, littattafai sun riƙe su. Abin tsoro shi ne ƙananan: sunan fadamar da ke bayan gari, da tabkin da ake su a cikinsa da rani, da kukar da ta raba gonar gidan wane da ta gidan wane, da shiyyoyin cikin gari, da maƙabartar da aka daina binnewa a cikinta. Waɗannan ba su cikin kowace taswira. Yaron da aka goyo aka fita da shi a 2019 yanzu ya isa makaranta, kuma bai taɓa taka gonar ubansa ba. In tsohon da ya san iyakokin ya rasu a Gidan Runji ko a wata unguwa a Sakkwato, an binne shi da taswirar. Ranar komawa, mai ƙarfi da mai kuɗi su za su faɗi inda iyaka take, marayu da zawarawa su yi shiru. Rikicin gona da za a yi a lokacin yana iya zama sabon yaƙi a kan kufan na farko.

Falasɗinawa sun fahimci wannan. A 1992 masanin tarihi Walid Khalidi ya jagoranci fitar da wani babban kundi da ya tattara ƙauyuka 418 da aka tashi mutanensu a 1948, kowanne da sunansa da wurinsa da abin da ya rage a cikinsa. Sun yi aikin ne bayan shekara arba'in da ɗoriya, lokacin da da yawa daga shaidu suka riga mu gidan gaskiya. Mu namu shaidun suna raye, kuma muna fatan komawarmu ba za ta yi nisa haka ba.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba sai an jira tsaro ya samu ba, tunda mutanen da za a tambaya suna nan cikin gari tare da mu. Sassan Tarihi da Labarin Ƙasa da Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato za su iya mayar da shi aikin kundin kammala digiri: kowane ɗalibi ɗan yankin ya ɗauki ƙauye ɗaya, ya zauna da tsofaffinsa maza da mata, ya ɗauki muryarsu a waya, ya rubuta kowane suna da daidaitacciyar Hausa da kuma yadda ake furta shi, ya zana taswirar hannu. Kada a manta da mata, domin su suka fi sanin rijiyoyi da wuraren itace da tarihin auratayya tsakanin garuruwa. Kada kuma a tsallake ardo da maigari da limami da sarkin ruwa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ta zama ma'ajiyar abin da aka tara, a ba kowace fadar hakimi kwafi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi ta riƙe ɗaya gefen, tunda Gobir ɗaya ce ko da fasfo biyu take ɗauke da shi. Sharaɗi guda shi ne a kiyaye sirrin masu ba da bayani, kada abin da aka tara don kare su ya zama jagora ga masu cutar da su.

Na san akwai mai cewa, ana kashe mutane, malam yana maganar sunaye. Yana da gaskiya cewa rai ne gaba, kuma babu kundin da zai maye gurbin tsaron da hukuma ta gaza samarwa. Amma wanda aka kora daga garinsu an ƙwace masa abu biyu ne, zamansa na yau da hujjarsa ta gobe. Na farkon yana wuyan gwamnati da jami'an tsaro, kuma ba za mu daina tuna musu ba. Na biyun kuwa alƙalami da kunne yake bukata, su kuma suna hannunmu mu 'yan boko da malaman zaure. Duk ɗan Gangara ko Gatawa ko Turba da ya karanta wannan shafi, ya nemi dattijon gidansu a makon nan, ya tambaye shi sunan gonarsu da dalilin sunan, ya rubuta.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ya mayar da kowa garinsu lafiya.